Wa Ke Riƙe da Rajistar? Daga Gonakin Bakolori Zuwa Sunayen Intanet

Duk wanda ya taɓa duba sakamakon jarrabawar JAMB a waya daga Damaga, ko ya je shagon kwamfuta a Talata Mafara aka cike masa takardar neman aiki, ya yi amfani da wata rajista da bai taɓa gani ba. Shi suna ya rubuta, amma na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kafin shafin ya buɗe sai da wayar ta aika tambaya, aka duba wani littafi, aka ce mata wannan suna yana lamba kaza, sannan ta kama hanya. Wannan littafi shi ake kira DNS, wato tsarin sunayen intanet, kuma galibi ana ɗaukarsa sha'anin injiniyoyi ne kawai. Ni ina ganin sha'anin mallaka ne. Tarihinsa na shekara 40 da 'yan kai, da tarihin yadda sunan Nijeriya ya shiga cikinsa, abu guda suke nunawa: wanda ke riƙe da rajistar da ke haɗa suna da wuri, shi ke da ikon cewa wane ne wane, kuma ina yake. Mutanen ƙasar Maradun da Bakura da Mafara ba baƙi ba ne a wannan magana, domin sun gamu da ita a gonakinsu tun kafin a ji sunan intanet a ƙasar Hausa.

A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aikin gina madatsar ruwa a kan gulbin Sakkwato a Bakolori, aka kammala ginin a 1978. Ruwan da aka tare ya ci gidaje da fadamun dubban mutane a ƙasar Maradun, aka tashe su zuwa sabon mazauni a kan tudu. A ƙasan madatsar kuma, wajen Talata Mafara da Bakura, aka shiga baje ƙasa don shimfiɗa hanyoyin ruwa a fili mai faɗin dubban hektoci. Kafin wannan aiki, iyakar gona a ƙasa take rubuce: ga layin gamba, ga tsohuwar ɗorawa, ga tsamiyar da kowa ya san ta kakan wane ce, sannan ga maƙwabta da mai unguwa waɗanda ba su manta ba. Da katafila ta bi ta kai, duk wannan shaida ta shafe. Abin da ya rage shi ne taswira da jerin sunayen da ke ofishin masu aikin. To amma gona a ƙasar nan ba ta zama suna ɗaya fili ɗaya. Akwai ta gado da ba a raba ba, akwai ta aro, akwai ta jingina, akwai wadda mai ita ya tafi cin rani ranar da aka zo ƙidaya. Wanda sunansa ya faɗi daga takarda, ko aka rubuta shi a kan filin wani, ba shi da wata bishiya da zai nuna ya ce ga shaidata. Ga hana shuka na damina bayan damina, ga jinkirin biyan diyya. Manoma suka tare hanyoyin aikin, har a ƙarshen watan Afrilu na 1980, lokacin Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamnan Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Masana irin su Björn Beckman da William Adams sun yi rubutu a kan wannan rikici, kuma batun wane ne mai wace gona yana tsakiyarsa.

Shekara uku bayan wannan musiba, a can Kalifoniya ta Amurka, wasu mutane suna fama da tasu matsalar rajista, wadda ba ta kai ga jini ba amma ta shafi duniya baki ɗaya daga baya. Tsarin sadarwar da ya haifi intanet, ARPANET, ya fara aiki a 1969 da kwamfutoci huɗu. Da suka ƙaru, sai aka riƙa ajiye sunan kowace da lambarta a fayil guda mai suna HOSTS.TXT, a Cibiyar Bincike ta Stanford, ƙarƙashin wata mata, Elizabeth Feinler, da ma'aikatanta. Wanda ya haɗa sabuwar kwamfuta sai ya sanar da ofishinta a rubuta shi, sauran kuma su riƙa kwafar sabon fayil lokaci bayan lokaci. Da kwamfutoci suka kai ɗaruruwa, abin ya fara gagara: fayil yana tsufa kafin ya isa hannun kowa, mutum biyu suna son suna ɗaya, ofishi guda ba ya iya ɗaukar nauyin kowa. A watan Nuwamba na 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da tsarin da ya maye gurbinsa, aka gyara shi a 1987, kuma a kan wannan gyara ake har yau. Hikimarsa ita ce ya hana littafin zama a hannu ɗaya. Ya yayyaga shi, ya ba kowa shafinsa ya riƙe, ya kuma tsara yadda mai tambaya zai bi daga sama har ya iso ga mai shafin.

Wanda ya san yadda ake neman mutum a ƙasar sarauta ya riga ya fahimci tsarin. Sarkin Kayan Maradun ba ya riƙe da sunan kowane magidanci a Damaga, amma ya san uban ƙasar da zai tura ka wurinsa, shi kuma ya san hakimi, hakimi ya san mai unguwa, mai unguwa ya nuna maka ƙofar gida. Sunan intanet daga dama ake karanta shi zuwa hagu. A can ƙoli akwai tushe, wanda kwamfutoci masu sunaye 13 ke amsa tambayoyinsa, ƙungiyoyi 12 ke gudanar da su, kuma suna da kwafi masu ɗimbin yawa a sassan duniya. Tushe bai san adireshin wata makaranta a Zamfara ba, abin da ya sani shi ne wa ke amsa tambaya a kan duk sunan da ya ƙare da ng. Wannan shi ma ya tura ka gaba, har ka iso ga uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda makarantar ta zaɓa. Sadarar da ke yin wannan turawa ita ake kira NS, kuma a ganina babu sadarar da ta kai ta muhimmanci, domin ita ce ke faɗin wanda maganarsa ce magana a kan sunan. Wanda ya iya canza ta ya canza komai, don duk sauran sadarorin daga wurin da ta nuna ake karanto su. Tare da ita akwai SOA, wadda ke buɗe kowane shafi: tana ɗauke da sunan babbar uwar garke, da adireshin imel na wanda ke da alhakin kula da shafin, da wata lamba da ake ƙarawa duk lokacin da aka yi gyara, don masu riƙe da kwafi su san nasu ya tsufa.

A nan ne tarihin Nijeriya ya shigo. Mutumin da ya riƙe tushen rajistar shekaru da yawa shi ne Jon Postel, abokin aikin Mockapetris. Shi ya riƙa miƙa wa ƙasashe haruffansu biyu, ne ga Nijar, gh ga Gana, ml ga Mali, kuma a 1994 ya rubuta ƙa'idar cewa wanda aka ba irin wannan suna amana aka ba shi ya riƙe wa al'umma, ba dukiyarsa ba ce. A 1995, shekara guda kafin a yanke jihar Zamfara daga Sakkwato, aka miƙa ng. Mai kula da shi ta fuskar gudanarwa ita ce Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas, amma ɓangaren na'ura a wata cibiyar bincike yake a birnin Pisa na Italiya, daga baya kuma wani injiniya Ba'amurke, Randy Bush, ya riƙe shi. Adalci ne a faɗa cewa waɗannan mutane taimako suka yi, a lokacin da ƙasar ba ta da tsayayyar wuta ko tsayayyen layin da uwar garke za ta dogara da shi, lokacin da layukan tarhon NITEL duka ba su kai rabin miliyan ba. Sai dai taimako daban, mallaka daban. Shekaru da dama ƙasa mai mutane sama da miliyan 100 tana da suna a intanet wanda littafinsa ke ƙetare, a gida kuma ana ta jayayya a kan wa ya cancanci riƙe shi, tsakanin mai riƙon farko da wata ƙungiya mai suna Nigeria Internet Group. Sai da shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a 2004, aka miƙa riƙon ga hukumar NITDA, aka kafa ƙungiyar NiRA a watan Maris na 2005, sannan a 2009 hukumar ICANN, wadda ta gaji aikin Postel bayan rasuwarsa a 1998, ta tabbatar mata da riƙon. Shekara 14 ke nan daga miƙawa zuwa daidaituwa. Kuma abin da duk aka yi wannan ja-in-ja a kansa bai wuce 'yan sadarori a tushen rajista ba, waɗanda ke cewa a tambayi wane.

Sauran sadarorin aikin yau da kullum suke yi. Sadarar A ita ke haɗa suna da lambar kwamfuta, lamba mai gida huɗu da ɗigo a tsakani, kowane gida daga 0 zuwa 255. Irin waɗannan lambobi ba su wuce biliyan 4.3 ba, aka kuwa rabe na ƙarshensu daga babbar taska a watan Fabrairu na 2011. Tun a shekarun 1990 an hango haka, aka tsara sababbin lambobi masu tsawon ninki huɗu, aka yi musu sadarar AAAA. CNAME kuwa laƙabi ce, tana cewa wannan suna ba shi da lambar kansa, a je a duba wancan. Da ita makaranta ke iya sa shafin biyan kuɗinta ya ɗauki sunanta alhali wani kamfani ne ke gudanar da shi. Tana da haɗari ɗaya da ba a cika lura da shi ba: idan aka rabu da kamfanin aka manta ba a goge sadarar ba, wani yana iya zuwa ya karɓi wurin da aka bari, sai ya wayi gari yana magana da sunan makarantar. Kowace sadara kuma tana da wa'adi da ake ƙidayawa da daƙiƙa, 3600 awa guda, 86400 kwana guda, wanda ke gaya wa mai tambaya tsawon lokacin da zai riƙe amsa kafin ya sake tambaya. Shi ya sa gyara ba ya isa ko'ina nan take, kuskure ma idan ya bazu ba ya janyewa nan take.

Sadarar MX ta fi cancantar a tsaya a kanta, saboda ita ke faɗin inda za a kai wasiƙa. An tsara ta a 1986 don maye gurbin wasu sadarori biyu da suka gabace ta, kuma takan zo da lamba a gabanta: mai ƙaramar lamba ake fara gwadawa, in ba ta amsa ba a wuce ta gaba. Wanda ya canza wannan sadara ya karkatar da duk imel ɗin ma'aikata zuwa akwatinsa, mai aikawa bai sani ba, mai jira bai sani ba. Yammacin Afirka ya ba duniya misali a kan ƙarfinta. Adireshin imel na sojojin Amurka da mil yake ƙarewa, na ƙasar Mali kuma da ml. Harafi ɗaya ne tsakani. A watan Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin cewa shekaru da dama wasiƙu masu ɗimbin yawa da aka yi nufin aika wa sojojin suna faɗawa sunan Mali saboda kuskuren yatsa, ciki har da takardun tafiye-tafiye da bayanan lafiya. Wanda ya tona zancen wani ɗan kasuwa ne ɗan ƙasar Holan, Johannes Zuurbier, wanda kamfaninsa ke riƙe wa Mali sunanta bisa kwangila, kuma ya yi maganar ne a daidai lokacin da kwangilar ke ƙarewa, riƙon zai koma hannun gwamnatin Bamako. Abu biyu ke cikin wannan labari. Ƙasar da ta fi kowace ƙarfin soja ba ta iya hana wasiƙa zuwa inda rajista ta ce ta je ba. Sannan Mali ta yi kusan shekara 10 sunanta yana hannun wani baƙo yana juya shi.

Akwai kuma TXT, wadda asalinta fili ne da aka bari a rubuta duk abin da aka ga dama, amma ta zama garkuwa daga 'yan damfara. Tsarin imel na farko bai tanadi hanyar tabbatar da mai aikawa ba, kowa yana iya rubuta sunan kowa a goshin wasiƙa, kuma Nijeriya ta san irin baƙin jinin da wasiƙun 419 suka jawo mata. Yanzu a cikin TXT ake rubuta jerin kwamfutocin da aka yarda su aika wasiƙa da sunan ma'aikata, wanda ake kira SPF, da makullin duba sa hannun wasiƙa, wato DKIM, da umarnin abin da za a yi da wasiƙar da ta faɗi gwajin, wato DMARC. Daga watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan a kan masu aika wasiƙu da yawa. PTR kuma tambayar ta juya: an ba ta lamba, ita ta faɗi suna, kuma lambobin nahiyarmu daga hukumar AFRINIC da ke Morishus ake rarraba su. Makarantar da ba ta rubuta waɗannan sadarori ba, wasiƙarta ta gaskiya tana iya faɗawa kwandon shara, ta ɗan damfara mai cewa an ba yaro gurbin karatu ya turo kuɗi kuma ta wuce lami lafiya.

Wani zai ce duk wannan zancen 'yan birni ne. Wane amfani sadarar MX za ta yi wa mutumin Damaga da ke kwana da fargabar 'yan bindiga, wanda gonarsa ta fi ƙarfinsa, wanda sai ya hau tudu yake samun sabis? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma 2021 ta ƙara masa nauyi. A ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai sama da 70 daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Kwana biyu bayan haka hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya bisa buƙatar gwamnati, lokacin Bello Matawalle, ɗan Maradun, yana gwamna. An ce mako biyu, abin ya zarce, aka rufe kasuwannin mako, mutane suka riƙa tafiya Sakkwato ko Funtuwa don su buga waya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Amma a dubi abin da wannan tafiya ke nunawa. Mutum ba ya ratsa hanya mai haɗari don abin ƙawa. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta kawai ake yin ta, rajistarta da duba sakamakonta da neman gurbin karatu duk ta intanet ne, haka neman aikin soja da na ɗan sanda, haka kuɗin da ɗa ke turo wa uwarsa daga Legas. Talakan yankin ya riga ya shiga cikin tsarin, ko ya so ko ya ƙi, kuma shi ne wanda ba shi da rarar da zai jure asara idan shafin bogi ya cinye masa kuɗin rajista. Sannan rufe sabis toshe hanya ne, ranar da aka buɗe kowane suna yana nan inda aka bar shi. Sunan da ya suɓuce daga rajista kuwa, buɗe hanya ba ya dawo da shi.

Wani kuma zai ce ai Facebook da WhatsApp sun wadatar, kyauta ne, kowa yana ciki, me ya kai ƙungiyar manoman shinkafa ko makarantar Islamiyya biyan kuɗin suna duk shekara? Gaskiya ne sun sauƙaƙa abubuwa da yawa, kuma mai sayar da albasa ba ya buƙatar fiye da lambar wayarsa. Amma hukuma ko makaranta ko asibiti lamarinsu daban ne, domin mutane suna miƙa musu kuɗi da takardu bisa amincewa da sunan. Shafin Facebook ɗaki ne a gidan wani, ba ka da sadara ko ɗaya a cikin rajistarsa, ana iya rufe shi, ana iya sace shi, wani yana iya buɗe irinsa da hoton ginin makarantarka, kuma ba ka da alƙalin da za ka kai ƙara sai wani fom da ba a san mai karanta shi ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Shi kansa mai gidan ba ya tsira: a ranar 4 ga Oktoba 2021, lokacin yawancin Zamfara tana cikin rufewar sabis, wani kuskuren gyara a cikin kamfanin ya sa uwayen garken da ke amsa tambaya a kan sunayensa suka ɓace daga intanet, Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cik kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. Bayanan mutane suna nan a ajiye, amma babu mai faɗin inda suke.

Ƙorafi na uku ya fi sauran kaifi, kuma kashi biyu ne. Na farko, za a ce haɗa Bakolori da sunan intanet wuce gona da iri ne. Na yarda cewa babu wanda zai rasa ransa a kan sadarar CNAME, kuma ba zan daidaita ran manomi da shafin kwamfuta ba. Abin da nake kwatantawa shi ne yadda abin ke faruwa: shaida ta tashi daga wurin da kowa ke gani ta koma takardar da ke hannun wani, mai haƙƙi bai san abin da aka rubuta a kansa ba sai ranar da ya zo nema. Na biyu, za a ce in dai darasin Bakolori ne, ai hukuma ce ta riƙe rajistar ta yi ɓarna, don me za a so suna ya zauna ƙarƙashin ng inda hannun gwamnati zai iya kaiwa? Ba gwamnatin tarayya ce ta toshe Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 ba? Ita ce, amma ta hannun kamfanonin waya ta yi, kuma sunan Twitter da com yake ƙarewa, zamansa a waje bai hana a toshe shi ba. Shi kuma com ba sararin Allah ba ne, kamfanin Verisign ke riƙe da shi ƙarƙashin dokar Amurka, kuma a cikin wannan wata na Yuni 2021 gwamnatin Amurka ta ƙwace sunayen wasu kafafen labarai masu alaƙa da Iran sama da 30, ciki har da na Press TV. Babu suna marar hukuma a kansa. Zaɓin da ake da shi shi ne tsakanin hukumar da za ka iya zuwa ofishinta, ka yi ƙararta a kotun ƙasarka, ka biya ta da naira, da wadda ba ka da hanyar isa gare ta. NiRA ƙungiya ce mai membobi, ba ma'aikatar gwamnati ba, kuma rassa irin su gov.ng da edu.ng ba a ba kowa su sai wanda ya cika sharaɗi, abin da ke ba ɗalibi hanyar bambance shafin gaske da na bogi tun daga sunansa.

Akwai wani bambanci da ya sa nake ganin wannan rajista ta fi ta Bakolori sauƙin karewa, in an so. Waccan a kulle take a ofis. Wannan a buɗe take, duk mai kwamfuta ko waya yana iya tambayar sadarorin kowane suna ya ga abin da aka rubuta, ba tare da neman izinin kowa ba. Inda aka fi samun asara ba wajen manyan ƙasashe ba ne, a gida ne kuma cikin sakaci. Ma'aikata ta ba ɗan kwangila aikin gina shafi, shi kuma ya yi rajistar sunan da sunansa da imel ɗinsa. An biya shi ko an ɓata da shi, ya tafi da makullin. Shekara ta zagayo ba a sabunta ba, suna ya faɗi, wani ya saye, duk takardar da aka buga da wannan adireshi ta zama jagora zuwa gidan wani. Ko kuma a sauya shugaba, sabon ya buɗe sabon suna, tsohon ya zama kufai mai jiran ɗan damfara.

Talata Mafara tana da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha, Bakura tana da kwalejin aikin gona, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi uku, ga asibitoci, ga ƙungiyoyin masu noman rani da ke shan ruwan Bakolori. Ina kira ga shugabanninsu da ke da suna a intanet, ko ke shirin yin sa, su sa a buga musu sadarorinsa a takarda su duba da idonsu. Su tambayi sunan wa ke kan rajistar, na ma'aikata ko na wani mutum. Su tambayi ina NS ke nunawa, ina MX ke kai wasiƙunsu, wa ke riƙe da kalmar sirri, kuma wace rana wa'adin sunan ke cika. A rubuta amsoshin a fayil ɗin ofis, a sa su cikin abin da ake miƙa wa magaji ranar barin aiki, a sa kuɗin sabuntawa a kasafin kowace shekara. Matasan yankin da suka karanta kwamfuta suna iya yin wannan bincike cikin yini guda, a kira su a ba su aikin.